Wasiƙa zuwa ga ɗana: labarin Akira Miyawaki da dashen gaɓar teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana nan lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, kuma da gangan ban amsa maka a waya ba, don magana irin wannan in an yi ta a baki iska ke kwashe ta. Ka ce tun da ka kama aiki a shirin nan na kare gaɓar teku ba abin da aka damƙa maka sai igiya da turaku da littafi: a auna fili, a tsuguna, a ƙirga tsirran da ke ciki, a rubuta sunayensu, gobe a gusa gaba a sake. Waɗanda kuka gama makaranta tare suna sashen dashe, su ne zuwa taro, su ne hoto da manyan baƙi, kai kuwa kullum ƙafa cikin taɓo. Har kana tunanin rubuta takardar neman canji.

Ba zan hana ka ba. Ka girma, aikinka ne kuma. Sai dai kafin ka ɗora biro a takarda ina so ka ji labarin wani mutum da ya riga ka shiga wannan fage, Akira Miyawaki, masanin tsirrai ɗan ƙasar Japan, wanda ya rasu ranar 16 ga Yuli, 2021, yana da shekara 93. Ina jin an taɓa ambata muku shi a aji, a matsayin mai dabarar tayar da kurmi cikin ɗan lokaci. Wannan ƙarshen labarin ne, shi kowa ya riƙe. Ni farkon nake so ka duba.

An haife shi ranar 29 ga Janairu, 1928, a yankin duwatsu na lardin Okayama, a gidan manoma. Ya tashi yana ganin yadda cirar ciyawa a gonar shinkafa ke tanƙwara bayan iyayensa da maƙwabta, a zamanin da hannu ne kawai maganinta. Da ya kai jami'a a Hiroshima, inda ya kammala a 1952, shekara bakwai bayan bam ya shafe birnin, sai ya ce shi ciyawar gona zai nazarta. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa malaminsa ya gargaɗe shi, wanda duk ya ɗauki ciyawa to ya shirya ƙare rayuwarsa ba wanda ya san da zamansa. Ya ce ya ji, ya yarda. Ya samu gurbin ƙaramin malami a Jami'ar Ƙasa ta Yokohama, daga nan ya shiga zaga ƙasar tun daga kudu har tsibirin Hokkaido a arewa, yana komawa gonaki ɗaya a kowane yanayi na shekara, ya ga wace ciyawa ta fito, wacce ta ɓace, wacce ke bin wacce. Shekara shida yana wannan. A gida ba wanda ya tanka masa. Can a Jamus ne wani dattijo ya karanta abin da ya rubuta, ya aiko masa da gayyata.

Dattijon shi ne Reinhold Tüxen, shugaban cibiyar zana taswirar tsirrai ta gwamnatin Jamus ta Yamma, da ke wani ƙaramin gari, Stolzenau, a bakin kogin Weser. Miyawaki ya zauna wurinsa daga 1958 zuwa 1960. Ya tafi da tsammanin laburare da lacca, sai ya tarar da shebur. Kullum fita daji, cikin sanyi da yayyafi, a haƙa rami a duba launin ƙasa hawa-hawa, a lissafa abin da ya tsiro a kanta. Da ya nuna yana son a bar shi ya zauna ya yi karatu, amsar da ya ce an ba shi ita ce lokacin littafi bai yi ba tukuna, ya je ya gani da idonsa, ya taɓa, ya shinshina, in ta kama ma ya ɗanɗana.

Abin da Tüxen ke son cusa masa shi ne ra'ayin da ya wallafa a 1956, kuma a nan nake so ka natsu, don duk sauran labarin a kansa ya rataya. Kowane fili yana da tsirrai iri biyu. Akwai waɗanda ido ke gani yau, wato abin da mutum ya shuka, ko abin da gatarinsa da wutarsa da dabbobinsa suka rage. Akwai kuma waɗanda filin zai fitar da kansa in da mutum zai janye hannu yau ya bar shi, da irin ƙasar da yake da ita yanzu, da ruwan samansa, da sanyinsa. Ba ana nufin abin da ke wurin shekara dubu da suka wuce ba. Ana nufin abin da wurin ke iya ɗauka a halin da yake ciki. Wannan na biyun ba ya ganuwa, karanto shi ake yi daga alamu: ramin da aka haƙa, ƙananan tsiro da ke laɓe a inuwar manya suna jiran ranarsu, wani tsohon itace da ya tsira a kan iyakar gona. Misalin yana kusa da su. Filin Lüneburg na arewacin Jamus, mai gajerun tsirrai masu fure da mutane ke zuwa kallo suna cewa ga daji na asali, da can kurmi ne. Sara da kiwon tumaki suka mai da shi haka, in aka daina kuma itatuwa ke dawowa.

Da ya koma gida a 1960 sai ya ga aikin ya fi wuya a Japan. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne, amma kimanin kashi 40 cikin ɗari na dajin nan dashen katako ne, yawancinsa itatuwa biyu, sugi da hinoki, da aka jera bayan yaƙi (su ne yau furensu ke sa miliyoyin Japanawa atishawa da hawaye duk shekara). Na kusa da ƙauyuka kuma an yi ɗaruruwan shekaru ana sare shi don gawayi da makamashi. To ina za a samu shaidar abin da ƙasar ke so? Ya same ta a inda masana ba su cika dubawa ba, wato 'yan kurmin da ke kewaye da wuraren bautar Shinto da na Buda, waɗanda suke kira chinju no mori. Mutane na tsoron sa musu gatari, saboda haka suka tsira. Ba addininmu ba ne, amma abin lura ne cewa tsoron da ya riƙe hannun mai sara shi ya adana wa ilimi hujjarsa. A cikinsu ya tarar da itatuwa masu faffaɗan ganye, mai kauri da sheƙi, da ba sa kaɗewa ko da hunturu: tabunoki a kusa da teku, sudajii, tsubaki, da danginsu. Bisa lissafinsa, abin da ya rage na irin wannan kurmi a yankin da ya kamata ya rufe bai wuce kashi 0.06 cikin ɗari ba.

Daga nan shi da ɗalibansa suka duƙufa. Sun auna wurare sama da 10,000 a faɗin Japan. A kowane wuri sai an rubuta duk abin da ya tsiro, daga dogayen itatuwa zuwa matsakaita, zuwa 'yan ƙanana, zuwa abin da ke shimfiɗe a ƙasa, da yawan filin da kowanne ya rufe, da gangaren wurin, da inda yake fuskanta. Sakamakon ya fito a kundi mai juzu'i 10 tsakanin 1980 da 1989. Wato dai aikin da kake kuka da shi, ɗana, shi mutumin nan ya yi ta yi har furfura ta fito masa.

Ƙofar dashe ba ta buɗe masa ba sai da ƙasar ta shiga uku da gurɓatar muhalli. Cutar Minamata daga gubar da aka zuba a teku, ciwon asma a Yokkaichi daga hayaƙin masana'antu, jama'a suka fusata, aka kafa hukumar muhalli a 1971, kamfanoni suka fara neman abin wanke fuska. A farkon shekarun 1970 kamfanin ƙarfe na Nippon Steel ya neme shi ya yi masa dashe a sabuwar masana'antarsa ta Oita, a bakin teku, kan filin da aka cike ruwa aka samar. Bai tafi wurin masu sayar da dashe ba. Ya tafi kurmin wurin bauta na Usa, a lardin, ya ga abin da ke tsaye a can, aka tsinto 'ya'yan itatuwan daga ƙasa.

Bari in zayyana maka yadda yake yi, don akwai hikima a kowane mataki. Ana renon irin a 'yan tukwane har saiwa ta cika tukunya, tsiron ya kai kamar santimita 30 ko ya ɗan ɗara. Ba ya son babban itacen da aka tono aka datse wa saiwa aka tokare da sanduna, don shi a wurinsa itace saiwa ne, ganye daga baya yake zuwa. Ana tayar da ƙasa ta yi tudu mai gangare don kada ruwa ya kwanta ya shaƙe saiwa. Ranar dashe a tsoma tukunya cikin ruwa har kumfar iska ta daina fita, a zare tsiron a hankali, a sa shi a rami ba tare da an zurfafa ko an danne da ƙafa ba. Uku a kowane murabba'in mita, iri daban-daban a cakuɗe, ba layi ba tsari. Sai a lulluɓe ƙasar da busasshen karan shinkafa, a ɗaure shi da igiya kada iska ta kwashe. Shekara biyu zuwa uku ana cire ciyawa, daga nan a ɗauke hannu gaba ɗaya. Mai gani zai ce an cunkushe su, kuma cunkoson ne ake so: kowanne na rige-rigen kaiwa ga haske, sai su miƙe da sauri, raunana su mutu su zama taki, ganye ya haɗe a sama ya rufe rana. Ciyawa kuwa ba ta rayuwa a inuwa, abin da ya sani sarai tun yana yawon gonakin shinkafa. Da'awarsa ita ce a haka ana samun kurmi cikin shekara 20 zuwa 30, maimakon ɗaruruwan shekarun da fili zai ɗauka in an bar shi shi kaɗai.

Yana da wata ɗabi'a a wurin dashe da nake so. Zai fito da malafa da takalmin roba, gaban ma'aikata da 'yan makaranta da shugabannin kamfani, ya ɗaga tukunya sama ya faɗi sunan itacen, ya sa kowa ya maimaita da ƙarfi har sau uku. Manaja da ƙaramin yaro duk baki ɗaya, tabunoki, tabunoki, tabunoki. Wasu na ganin wasan kwaikwayo ne. Ni ina ganin mutum ne da ya gane cewa wanda bai san sunan itace ba, ranar da aka zo sare shi ko juyowa ba zai yi ba.

Sauran ɗaukakar ba sai na daɗe a kanta ba. Ana lissafa masa itatuwa sama da miliyan 40 a wurare kimanin 1,700, a Japan, da Bintulu a tsibirin Borneo na Malesiya, da gefen babbar ganuwar ƙasar Sin, da wasu ƙasashen. A 2006 ya karɓi Blue Planet, lambar yabo ta duniya kan kare muhalli, ɗan ƙasar Japan na farko da ya same ta. Yana da shekara 78 a lokacin.

Sai ranar 11 ga Maris, 2011. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta auku a ƙarƙashin teku, gabas da yankin Tohoku na arewa maso gabashin Japan, igiyar tsunami ta biyo baya, a wasu wurare ruwan ya haura tudu har kusan mita 40. Mutum kusan 16,000 suka mutu, wasu kimanin 2,500 ba a gan su ba har yau. Gaɓar nan ba tsirara take ba. Tun ƙarni na 17 ake dasa mata itacen matsu, mai ganye kamar allura, don ya tare yashi da iskar gishiri daga gonaki, kuma ya yi wannan aikin ƙwarai. A garin Rikuzentakata akwai irin wannan daji na itatuwa kusan 70,000 a tsawon kilomita biyu, abin alfaharin garin. Ɗaya tak ya rage a tsaye. Shi ma ruwan gishiri ya kashe masa saiwa, a 2012 aka sare shi, aka gyara gangar jikin aka mai da ita wurinta don tunawa. Abin da ya fi muni, itatuwan da ruwa ya tumɓuke ko ya karya sun zama makami, igiya ta ɗauke su tana rusa gidaje da su.

Miyawaki yana da shekara 83. Cikin 'yan makonni ya isa gaɓar, ya shiga yin abin da ya saba, duba wane itace ya faɗi, wanne ya tsaya, a kan wace irin ƙasa. Ya ga tabunoki da danginsa a gangaren tuddai da kewayen wuraren bauta sun sha ruwan gishiri amma suna nan, saboda uwar saiwarsu ƙasa take nufa kai tsaye. A Tagajo ya ga jerin itatuwan da aka dasa bisa tsarinsa a gefen wani babban kanti sun tsaya, har sun tare motoci da tarkacen da ruwa ya kwaso. Ka ga ba a ranar ya fara tunani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya; da masifar ta zo, yana da shekara sittin na kallo da zai auna abin da ya gani da su.

Shawararsa mai ƙarfin hali ce. Tsunami ta bar ɓaraguzai na miliyoyin tan, hukuma na tunanin yadda za ta ƙone su ko ta kwashe. Shi ya ce a ware masu guba, sauran, kankare da bulo da katako, a cakuɗa da ƙasa a tayar da dogon tudu a bin gaɓar, tsawon kilomita 300, a dasa kurmi a kai. Ɓaraguzan za su bar 'yan kafofin iska a cikin tudun, saiwa na son haka, za ta kuma nannaɗe su ta riƙe. Ba sabon abu ba ne a duniya: tudun Teufelsberg na Berlin da ɓaraguzan yaƙin duniya na biyu aka tara shi, yau itatuwa sun rufe shi. Bai ce kurmi zai tsayar da teku ba. Cewa ya yi zai karya ƙarfin igiyar, ya jinkirta ta mutane su samu 'yan mintunan gudu, sannan in ruwa ya juya zai koma, wanda a lokacin ne yake jan mutane da dukiya zuwa teku, itatuwa su zama abin kamawa. Ya kuma yi ta nanata cewa katangar kankare tana fara tsufa tun ranar da aka gama ta, kurmi kuwa ƙara ƙarfi yake yi da shekaru.

An gwada a garin Otsuchi a 2012. A shekarar ne shi da tsohon firaminista Morihiro Hosokawa suka kafa gidauniya don aikin, daga 2013 kuma dubban 'yan sa-kai suka yi ta dashe a garin Iwanuma, inda aka tayar da tuddan tsira a bin gaɓa. Amma kilomita 300 ɗin ba su samu ba. Dokokin zubar da shara sun tsaya masa a gaba wajen binne katako, gwamnati kuma ta zaɓi kankare, ta gina katanga ta kusan kilomita 400, a wasu wurare tsayinta ya haura mita 14, har mazauna suka daina ganin tekun da suke ci daga gare ta. Abin da ya samu guntaye ne nan da can.

Kada ka ɗauka waliyyi nake kwatanta maka. Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba, kuma masana 'yan ƙasarsa sun ja da shi da hujjoji masu nauyi. Binciken da aka yi bayan tsunami ya nuna cewa a wurare da yawa laifin ba na matsu ba ne shi kaɗai: ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke kusa da sama, saiwa ta rasa inda za ta nutsa sai ta bazu a kwance, inda ƙasa ke da zurfi kuwa shi ma yana kafewa. A sahun gaba, inda yashi ke tashi kuma iskar gishiri ke duka ba sassauci, baƙin matsu yana jure abin da tabunoki ba ya jurewa, balle ga shi gaɓar Tohoku ita ce kusan iyakar inda tabunoki ke iya rayuwa ta arewa. Mutanen Rikuzentakata ma matsu suka sake dasawa, guda 40,000, suka kammala a 2021. Suka mafi zafi ita ce ta masu nazarin tsirran bakin teku. Bayan ruwa ya janye, tuddan yashi da fadamun gishiri sun fara farfaɗowa da kansu, tsirran da aka daɗe ba a gani ba suna fitowa daga irin da ke binne. Duk wanda ya zo ya jibga ƙasa a kansu, na gwamnati ne ko mai dasa kurmi, ya binne wannan.

Na yi ta juya maganar nan, ga kuma inda na tsaya. Masu sukar sun yi gaskiya a wurare da dama, amma da mudunsa suka auna shi. Tambayar da suka yi masa ita ce wadda ya ɗauko daga Stolzenau ya koya wa ƙasar: me wurin nan zai fitar in an bar shi? A kan yashin da igiya ke lasa, amsar ba kurmi ba ce. Ciyawa ce mai rarrafe, sai gajerun tsirrai a bayanta, itace sai can ciki. Ina ganin tsufa da ganin gawarwaki sun sa shi gaggawa, yana son ya ga an kare mutane kafin ya bar duniya, kuma ba na iya zarginsa a kan haka. Amma kai da ke aikin gaɓa ka riƙe wannan da kyau: akwai filin da taimakonsa shi ne a kewaye shi a hana taka shi, kada a dasa masa komai. Ba kuwa mai iya faɗin wane fili ne wannan sai wanda ya tsuguna a kansa ya ƙirga.

Dubi abin da ya faru da dabararsa bayan ta bar hannunsa. Wani injiniya ɗan Indiya, Shubhendu Sharma, ya gan shi yana dashe a masana'antar Toyota kusa da Bangalor, ya bar aikinsa ya rungumi abin, daga nan ya bazu. A Holan aka dasa irin wannan ɗan kurmi na farko a Zaandam a 2015, yau birane da yawa na yi. Wasu sun yi shi da kyau. Da yawa kuwa abin da ke da sauƙin kwaikwayo suka ɗauka, uku a murabba'in mita da lulluɓin kara, suka bar binciken da ke gaya maka uku na wane iri. Haka abin yake a dashen itatuwan mangurof, masu tsirowa a taɓon bakin teku. Bayan tsunamin da ta auku a tekun Indiya a 2004 an zuba kuɗi a dashensu a Siri Lanka. Da masana suka bi sawu a wurare 23, sai suka tarar a tara ko tsiro ɗaya bai rayu ba, uku ne kacal fiye da rabin dashen ya tsira. A Filifin an kiyasta abin da ke rayuwa na dogon lokaci da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Dalilin kusan ɗaya ne ko'ina. Ana zaɓar irin da 'ya'yansa dogaye ne masu sauƙin sokawa a laka, a kai shi filin da ba mai gardama a kansa, can ƙasa inda ruwa ke daɗewa a kwance, alhali itacen yana son wurin da teku ke rufewa na ɗan lokaci ta janye. An yi taro, an ɗauki hoto, an rubuta adadi a rahoto, bayan shekara biyu sai sanduna.

To ga shawarata. Ka zauna a sashen da kake, aƙalla har ka ga filayenka sun zagaya kowane yanayi na shekara, ka dawo ka sake ganinsu a zagaye na biyu. Fili ɗaya da aka gani sau da yawa ya fi filaye da yawa da aka gani sau ɗaya. Littafinka kuma ka riƙe shi amana: kwanan wata, lokaci, inda ruwa ya kai, abin da ka gani. Tsiron da ba ka gane ba ka rubuta ba ka gane ba, ka ɗauko samfuri, kada ka cike gurbi da zato don a ce ka iya, domin wani zai zo bayan shekara ashirin ya gina hukunci a kan layin nan naka, bai san ka ba, ba kuma zai iya tambayarka ba. Ka nemi wuraren da gatari bai kai ba, tsibiri mai wuyar shiga, gefen maƙabarta, gangaren da ba ya nomuwa. Ka kuma zauna da tsofaffin masunta da matan da ke shiga taɓon nan kullum neman abin rufin asiri. Ka gaishe su da ladabi, ka yi tambaya ka yi shiru. Sun san inda ruwa ke tsayawa da abin da ke wurin kafin a sare, kuma ba a kowane littafi za ka samu wannan ba.

Sashen dashe ba abin raini ba ne, kada ka fahimce ni a karkace. Da Miyawaki ya tsaya a kundinsa mai juzu'i 10, da ba itace ko ɗaya da zai tsaya a Oita ko Iwanuma. Ya koyi magana da manajan masana'anta da ɗan firamare, kuma kai ma sai ka koya. Lokacinsa zai zo. Maganar kuɗin kamfanoni ce har yanzu zuciyata ta kasu biyu a kanta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masana'antar da ke ba da kuɗin dashe tana da abin da take saye, kuma ba shakka wasu sun fake da kurminsa. Abin da zan ce a madadinsa shi ne, irin itacen da yadda za a dasa shi bai bar wa mai kuɗi zaɓinsu ba. In ka kai matsayin da za a zo maka da irin wannan tayi, wannan ce iyakar da nake so ka tsare.

Kafin nan ma za ka gamu da ƙaramarta. Wata rana za a kawo tsarin dashe, ka duba ka ga irin da aka zaɓa ba zai rayu a wurin ba, kai ne kuma ƙarami a ɗakin. Kada ka yi shiru, kada kuma ka kunyata shugabanka a gaban jama'a. Ka same shi shi kaɗai, da littafinka a hannu, ka nuna masa inda irin ke tsirowa da kansa da inda ba ya tsirowa, da tsawon lokacin da ruwa ke kwanciya a kowanne. Ka zo masa da wani wurin ko wani irin a madadi, don shi ma akwai waɗanda zai yi wa bayani. In ya ƙi, ka roƙi a bar maka ɗan yanki a gwada naka, ka ci gaba da auna duka biyun.

Mahaifiyarka ta ce lallai in gaya maka kada ka riƙa shiga taɓo kai kaɗai, kuma ka san lokacin cikar teku kafin ka yi nisa da tudu, don ruwan yana dawowa da saurin da baƙo ba ya zato. Ni ma na goyi bayanta. In ka samu sarari ka rubuto mini sunayen tsirran da ka fi samu a sahun gaba da waɗanda ke bayansu, ina son sani.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka, ya sa albarka a aikinka.

Wassalam,
Mahaifinka.